Wata Shida Ina Koyon Tuƙin Tauraro

Sati uku ke nan da dawowata Dakoro, kuma har yau ban zauna a fadarmu ta samari na sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na kai kofi baki sai wani ya ce, "Laminu, wai da gaske sama ka hau?" In ce ban hau ba. "To mi ka je yi?" Idan na fara bayani, kafin in kai tsakiya wani ya iso, a ce in koma farko. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, duk mai tambaya in miƙa masa.

Ga wanda bai san ni ba, ni ɗan Alhaji Ada ne, mai sayar da hatsi a kasuwa. Na yi lise, wato sakandare, a Maradi, na yi karatun lantarki da sadarwa a Yamai. Ban daɗe da fara aiki ba aka ba da sunana a wani horo na wata shida a kudancin Jamus, a wata cibiya mai kula da taurarin ɗan Adam masu ɗaukar hoton ƙasa, irin hotunan da ake duba ciyawar makiyaya da ambaliya da gobarar daji da su. Abin da za a koya mini shi ne lura da lafiyar tauraron da aika masa umarni daga ƙasa.

Na bar gida farkon Nuwamba. Inna ta ɗura mini kilishi, da cukun da ƙaninta ya aiko daga Azagor, da yaji, da daddawa, da garin kuka, har jakar ta ƙi rufuwa sai da muka zauna a kanta. Baba ya raka ni tasha, ya yi mini addu'a, ya juya bai tsaya ganin tashin motar ba.

Mun wuce Kornaka kaɗan taya ta fashe. Muka sauka muka fake a gindin wata aduwa. Wata tsohuwa mai kwandon kaji ta tambaye ni inda na nufa, na ce mata Jamus, ƙasar Turawa. Ta dube ni da tausayi.

"Ɗana, kai ko ka ɓata hanya. Masu tahiya Turai arewa suke yi, ta Agadas. Wagga mota Maradi za ta."

Na ce mata jirgi zan hau a Yamai. Ba ta yarda ba. Har muka rabu a Maradi tana roƙa mini Allah ya tsare ni da ƙishirwa.

Na kwana a Maradi, washegari babbar mota ta wuni da mu a hanyar Yamai: Madawa, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, ana sauke mu ana duba katin shaida ana mayar da mu. Jirgi kuwa, wannan ne hawana na farko. Ba abin da na riƙe daga cikinsa sai ciwon kunne da kuma wani abinci da aka ba mu wanda har yau ban san ko mene ne ba.

A filin jirgin Jamus ɗan sandan iyaka yana zaune cikin akwatin gilashi. Ya karɓi fasfona ya tambaye ni da Ingilishi abin da ya kawo ni. Ingilishina a lokacin na littafi ne, bai taɓa fita waje ba. Na ce masa na zo tuƙa tauraro. Ya ɗaga kai ya kalle ni, ya kalli takalmina, ya kira abokin aikinsa. Na ba su takardar gayyata, suka buga waya, na tsaya kusan rabin awa mutane suna wuce ni, sannan aka buga mini hatimi.

Na ɗauka an gama. Ina jan jakata sai ga kare, ƙato, ya zo ya zauna a gabanta kamar ya ga mai shi. Wata ma'aikaciyar duwan, masu binciken kaya a iyaka, ta sa na buɗe. Ta fito da kilishi da cuku ta ce nama da nono ba sa shiga ƙasarsu. Na roƙe ta. Na ce uwata ce ta ba ni. Da na ga ba za ta saki ba, na ce to ta kai gida su ci da iyalinta, kar dai ya lalace. Fuskarta ta canja nan take, ta ce in na sake faɗin haka za a rubuta cewa na yi ƙoƙarin ba ta toshiya. Ta taka wani kwandon ƙarfe, murfin ya buɗe, ta zuba su ciki a kan idona. Ban taɓa ganin an zubar da abinci mai kyau haka da gangan ba. Na tsaya ina kallon murfin. Ta buɗe ƙullin daddawa, ta ja da baya, ta tambaya ko wannan ma dabba ce. Na ce ɗan itace ne. Ta ce in rufe da sauri in wuce. Abin da ya fi kowanne wari shi ya tsira.

A tashar jirgin ƙasa na tsaya gaban na'urar sayar da tikiti, ba mutum a ciki balle in gaishe shi in yi tambaya. Na danna nan, na danna can, ta mayar da ni farko. Na ce innalillahi a fili. Sai na ji an ce a bayana, "Ɗan uwa, daga ina?" Wani Malam Awudu ne, mutumin zangon Kumasi, ya shekara ashirin a ƙasar. Hausarsa ta bambanta da tamu, amma a ranar ta fi mini kowace Hausa daɗi. Ya ciro mini tikiti, ya kai ni inda zan tsaya, yana ta yi mini nasiha cewa mutanen nan idan sun ce ƙarfe tara da minti bakwai, to har minti bakwai ɗin suke nufi. Muka tsaya. Tara da minti bakwai ta yi ta wuce. Jirgin bai zo ba sai kusan goma. Malam Awudu ya gyara hularsa ya ce, "Ban da jirgin ƙasa."

An kama mini ɗaki a saman gidan wata tsohuwa, Madam Helga, wadda mijinta ya rasu. Na isa da yamma, ban ci komai ba tun safe. Ta nuna mini ɗakin, sannan ta ce ta dafa miyar dankali da kaza, ko zan ci? Na yi abin da kowane ɗan mutunci zai yi a gidan da bai sani ba, na ce na gode, na ƙoshi. Ina jiran ta sake cewa in daure in taɓa, in sake ƙi, a na uku in zauna. Ta ce to, ta rufe tukunya ta sa a firiji. Shi ke nan. Na hau sama cikina yana kuka, na lashi yaji na sha ruwan famfo.

Da safe na sauko na gaishe ta yadda aka koya mini: ina kwana, ina gajiya, ina sanyi, yaya gida, yaya yara, yaya ƙarfin jiki. Ta ajiye kofinta ta tambaye ni ko na ga wata alamar ciwo a jikinta ne. Daga baya na gane ɗanta yana garin, tafiyar minti ashirin, amma ba ya zuwa sai Lahadin farkon wata, shi ma sai ya buga waya ta ce ya zo. Na daɗe ina juya wannan a raina. Ita kuwa ba ta ga komai a ciki ba, har yabonsa take yi wai ba ya saɓa rana.

Mun ɗan sha rikici da ita. Shara kala huɗu ce a gidan, kowace da kwandonta. Sati na farko na haɗa su wuri ɗaya, na dawo aiki na tarar da ledata a ƙofar ɗaki da ƴar takarda a kai. Ranar da na fara kaɗa miyar kuka da daddawa kuwa, ta hau sama tana haki, wai ɓera ya mutu a cikin bango. Ga sanyi, ga rana da ke faɗuwa tun ƙarfe huɗu da rabi, azahar da la'asar da magariba suna bin juna kamar ana korarsu.

Yanzu wurin aikin. Ni a zatona zan shiga wani ɗaki in ga duniya tana juyawa a kan babban allo, in nemo Dakoro in nuna wa mutane. Ɗakin ko taga ba shi da ita. Tebura ne da ordinater, wato kwamfuta, da alluna cike da lambobi, kore da rawaya, wani lokaci ja. Masu duba hotuna suna wani gini dabam. Mu namu shi ne zafin jikin tauraron, da cajin batirinsa, da inda ya fuskanta, da man da ya rage masa. Kamar mai kiwon da bai taɓa ganin dabbarsa ba, sai dai a riƙa kawo masa labarin numfashinta.

Tauraron yana zagaya duniya cikin awa ɗaya da minti arba'in. A duk zagaye ba ma jin muryarsa sai ya ratsa ta saman wata anten, wato babbar eriya, da ke can arewa cikin ƙanƙara, kuma wannan ratsawa minti goma ce ko ƙasa da haka. Cikin minti goman za ka duba lafiyarsa, ka sauke abin da ya tara, ka aika masa abin da zai yi. Idan ya faɗa bayan duniya, sai ka jira ya dawo. Ba a aika umarni da mutum ɗaya. Ɗaya yana karantawa da ƙarfi daga allo, na biyu yana bi a takarda, sai ya ce daidai ne sannan a danna.

Mutum biyu ne suka riƙe ni. Marta, mutuniyar Italiya, ita ce shugabar horo, ba ta wuce shekara arba'in ba. Sai Dita, dattijo mai farin gashi, sa'an Babana, wanda ya fi kowa daɗewa a ɗakin. Ranar farko na rusuna na gaishe shi da hannu biyu. Ya duba ƙasa ya ɗauka wani abu na yar. Ya ce in kira shi Dita kawai. Bakina ya ƙi. Na riƙa ce masa Shef, wato shugaba. Abin da ya fi ɗaure mini kai, a taron safe wata yarinya da ba ta kai ni shekaru ba ta ce masa, "Dita, lissafinka ba daidai ba ne," a gaban kowa. Na sunkuyar da kai ina jiran abin da zai biyo baya. Ya duba takardarsa ya ce ta yi gaskiya, aka ci gaba. Ni ne kaɗai na ji kunya a ɗakin.

Ba a barin sabon shiga ya taɓa tauraron gaske. Akwai wata ordinater da ke kwaikwayonsa, a kanta ake gwaji, masu horo suna jefa maka matsala daga wani ɗaki su ga yadda za ka yi. Wajen karatu ban sha wahala ba, littattafan na haddace su kamar allo. Ƙarshen wata na biyu aka yi mini babban gwaji. Dita ne mai karantawa, ni mai tabbatarwa. Batir ya yi sanyi, za mu kunna na'urar da ke ɗumama shi. Dita ya karanto lambar umarnin, na ga ba ita ce a takardata ba. Wadda ya karanta ta kashe na'urar ce, har da ta ajiya mai maye gurbinta.

Na gani sarai. Na buɗe baki, sai na ga farin gashinsa. Na ce a raina mutumin da ya yi shekara talatin a kan kujerar nan ya san abin da ban sani ba, kuma ko ya yi kuskure, ba ni zan faɗa masa a gaban mutane ba. Ya juyo yana jirana. Na ce daidai ne.

Ya danna. Lambobin suka fara komawa rawaya, suka koma ja. A zagaye na gaba tauraron bai amsa ba.

Marta ta tara mu a ƙaramin ɗaki. Ta ce Dita da gangan ya karanta ba daidai ba, ita ta sa shi. Ta tambaye ni ko ban lura ba.

Na ce, "Na lura."

"Ka lura?"

"I."

"To me ya hana ka magana?"

Na ce babba ne, ya haife ni. A wurinmu yaro ba ya ƙaryata babba a cikin taro, sai dai ya same shi daga baya a keɓe.

Marta ta rufe littafinta. Ta ce, "Laminu, da ce mini ka yi ba ka gani ba, da na fi samun sauƙi, don wannan ina iya koya maka. Daga baya a keɓe babu tauraro. Ba zan iya sa ka a kan na gaske ba." Ta ce za ta rubuta haka a takarduna, kuma idan abin bai canja ba zan gama wata shidana in koma gida ba tare da shaidar ƙwarewa ba.

Na fito. Abin da aka yabe ni da shi tun ina yaro, a gida da makarantar allo da lakwal, shi ne aka rubuta mini a matsayin aibi. Na tuna waɗanda suka sa hannu aka turo ni, na tuna mutanen da suka cika zauren Baba ranar da zan tafi. Kwana biyu ko abincin kirki ban ci ba. Na fara shirya abin da zan faɗa idan na koma.

Ranar Asabar Dita ya zo da kekensa har ƙofar Madam Helga, ya ce in bi shi. Yana da ɗan lambu a bayan gari, da bukkar katako a ciki. Ba komai a lambun sai ƙasa mai sanyi da kabeji. Ya dafa mana shayi. Ya ce shekaru da yawa da suka wuce, a wani wurin aiki, ya aika umarnin da ya juya tauraro ya ba rana baya. Batir ya kusa mutuwa, aka yi kwanaki ana fama kafin a ceto shi. Wata matashiya tana zaune kusa da shi, ta ga kuskuren, amma tsoronsa ya hana ta magana, don a lokacin shi mai faɗa ne.

Ya ce, "Ita ta bar aikin. Ni aka bar ni, kuma laifin nawa ne. Yanzu idona ba kamar da ba, lamba uku da takwas sukan yi mini kama. Wanda ya ga zan yi ɓarna ya yi shiru don yana jin nauyina, ban san abin da zan yi da girmamawarsa ba."

Na ce na ji, amma bakina ne ba ya iyawa.

Ya ce, "Za mu koya masa."

Daga ranar ya sa ni a gaba. Muna cin abincin rana a kantin, ɗakin cin abinci na wurin aiki, cikin mutane, sai da gangan ya ce, "Wannan Laminu ne, ɗan Najeriya." Ko ya ce babban birnin Nijar Bamako ne. Da farko nakan yi murmushi in ce wataƙila Shef ya manta. Sai ya buga tebur da cokali ya ce jimlar ta yi tsawo, tauraro ya wuce. Ba wataƙila, ba Shef. Kalma biyu yake so, da Ingilishi: tsaya, Dita. Ranar da na fara faɗinsu gumi ya jiƙa mini riga, a watan Janairu, ƙanƙara tana zuba a waje. Na ji kamar na zagi wani. Shi kuwa ya ci gaba da cin dankalinsa.

Aka sake yi mini gwaji sau uku, na tsayar da shi a biyun da ya yi kuskure. Marta ta ce gwaji gwaji ne, kowa ya san ƙarya ce. Amma a wata na biyar ta yarda in zauna kujerar mai tabbatarwa a kan tauraron gaske, tana tsaye a bayana.

Cikin satin nan aka sanar da mu cewa wani guntun tsohon roka zai gifta kusa da tauraronmu fiye da yadda hankali zai kwanta. Sama cike take da irin wannan tarkace, kuma a gudun da suke yi ko guntu kamar ƙwallon goriba ya isa ya wargaza komai. Masu lissafin hanya, da ke hawa na sama, suka yanke a kunna ɗan injinsa a ɗaga shi kaɗan ya kauce. Dole umarnin ya isa gare shi kafin ƙarfe biyu da rabi na rana. Ratsawa uku ta rage mana.

Na buga takardata tun safe, na bi ta layi-layi har sau biyu. Tauraron ya shigo, lambobi suka fara motsi. Dita ya fara karantawa ina amsawa. Ya zo kan lokacin kunna injin ya ce ƙarfe biyu da minti hamsin da takwas. A takardata hamsin da biyu ne. Minti shida a can sama tafiya ce mai nisan da ba ta misaltuwa. Na ga yatsansa ya nufi madanni.

"Tsaya!"

Da Hausa ta fito, kuma da ƙarfin da ban san ina da shi ba. Duk ɗakin aka juyo. Dita bai san kalmar ba, amma ya ɗaga hannuwansa biyu sama ya janye kujerarsa baya. Na nuna masa takardar. Dokarsu ita ce idan an tsayar, ba a aika komai sai an gano inda bambancin ya fito. Marta ta ɗauki waya ta kira masu lissafi. Kafin su duba su amsa, lambobin suka daskare a allo. Tauraron ya wuce.

Sannan amsa ta zo. Dita ne da gaskiya. An sake lissafin da hantsi, aka aiko sabon lokaci, ni kuwa tsohuwar takarda ce a hannuna, ban koma na duba ba.

Ban san yadda zan kwatanta muku awa ɗaya da minti arba'in ɗin nan ba. Na daka wa sa'an Babana tsawa a gaban mutane, a kan kuskuren da nawa ne, na kuma cinye ɗaya daga cikin dama uku da muke da su. Idan anten ta samu matsala a ratsawa ta gaba, saura ɗaya. Na zauna ina kallon agogo. Ba wanda ya yi mini faɗa, wannan ya ƙara tsorata ni. Marta ta buga sabuwar takarda ta miƙo mini ta ce in bi ta. Na ce ko wani zai zauna a wurina. Ta ce ba wanda zai zauna.

Tauraron ya dawo. Dita ya karanta, na amsa. Ya danna, umarnin ya shiga. Injin ya kama a kan lokacinsa, guntun ƙarfen ya wuce ta inda ya wuce. Na shiga banɗaki na wanke fuska na daɗe a ciki.

Washegari na zo taro da shirin a sallame ni. Aka karanta rahoto. Babu sunan kowa a ciki. An rubuta cewa mai tabbatarwa yana riƙe da tsohuwar takarda, don haka daga yau kafin kowace ratsawa mutum biyun za su fara karanta wa juna lokacin da aka buga takardunsu. Aka wuce magana ta gaba. Bayan taro Marta ta kira ni ofishinta. Ta ce rashin duba takarda laifina ne, kuma ta san ba zan sake ba. Sannan ta jawo fayil ɗina ta sa hannu a shaidar ƙwarewa.

Na ce, "Amma ai ni na yi kuskure."

Ta ce, "Ka yi. Ratsawa ɗaya muka rasa, muna da wata. Abin da nake jira in gani tun wata uku na gani jiya."

Na fito na tsaya a baranda riƙe da takardar, kaina ya ƙi ɗauka. Dita ya same ni a nan ya tambayi ma'anar kalmar da na faɗa. Kafin in baro ƙasar rabin ɗakin sun koye ta, ko kofi wani zai zuba ya yi yawa sai ka ji an ce "saya".

Na sauka Yamai cikin zafin Afrilu, na ji kamar an buɗe mini murhu a fuska, kuma na yi murna da shi. Kwana biyu bayan haka ina Dakoro.

Da aka rage ƴan sannu da zuwa, na zauna da Baba a zaure bayan la'asar na ba shi labarin nan kamar yadda na ba ku. Na nuna masa takardar. Ya riƙe ta, ya sa albarka, amma na ga fuskarsa ba ta saki ba. Washegari da hantsi ya aika a kira ni. Na tarar ya sa babbar riga da hular zuwa Juma'a.

Ya ce, "Dattijon nan, shekarunshi nawa?"

Na ce ya girmi Baba da kaɗan.

"Kuma gaban mutane ka yi mashi tsawa."

"I, Baba. Haka aikin yake."

"Kuma ashe shi ke da gaskiya."

Na ce haka ne.

"Ka roƙi gahwara tai kahin ka taho?"

Na ce ban roƙa ba, shi da kansa ya koya mini, wata uku yana fama da ni a kan haka. Baba ya ce wannan tsakanina da shi ne, amma shi ba za a ce ɗan Alhaji Ada ya je ƙasar mutane ya ci mutuncin dattijo, uban kuma ya ji ya yi shiru ba. Ya ce in kira mashi shi a waya, ta mai hoto.

Na kira. Asabar ce, Dita yana lambunsa da datti a hannu. Baba ya gyara zama, ya karɓi wayar da hannu biyu. Ya gaishe shi, ya tambayi iyali da gajiya da sanyi, ina fassarawa. Sannan ya ce yaron nan nashi ne, shi ya rene shi, kuma ba haka ya rene shi ba. Ƙuruciya ce da zafin kai. Yana roƙon arziki a yafe mashi, don Allah, kar a riƙe shi a zuci.

Na fassara duka, ban rage komai ba. Dita ya saurara bakinsa a buɗe. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya ce in faɗa wa Babana babu abin yafewa. Ya ce a shekara talatin ya zauna da mutane da yawa a kujerar nan, kuma da a ce ni ne a gefensa a wancan karon na farko, da bai yi ɓarnar da ya yi ba. Ya ce in gaya masa ya yi renon kirki.

Na mayar da maganar Hausa, kalma bayan kalma. Baba ya saurara yana gyaɗa kai. Suka yi sallama, kowa yana ɗaga wa ɗan uwansa hannu. Ya miƙo mini wayar, ya juya yana kallon ƙofar zaure.

Sannan ya ce, "Wanga mutumen kirki ne, Laminu. Ka ga har yanzu rufa maka asiri yake yi."